Lesotho Ba Jihar Afirka Ta Kudu Ba Ce

Wai har yau akwai mai cewa Lesotho jiha ce a Afirka ta Kudu, don kawai ya gan ta a tsakiyar taswira kamar gwaiduwar ƙwai. To, ƙasa ce mai sarkinta da tutarta. Babban birninta Maseru, mutanenta Basotho sun haura miliyan 2. Duk faɗinta babu inda tsayinsa ya gaza mita 1,000 daga teku. Dusar ƙanƙara na sauka a duwatsunta, shi ya sa bargo ya zame musu babbar riga.

Abin da ya hana a haɗiye ta kuwa, mutum ɗaya ne da dutse ɗaya.

Sunansa na yanka Lepoqo. Da ya kwashe wa wani basarake Ramonaheng shanu, sai ya yi wa kansa kirari cewa ya aske masa gemu, daga sautin askar aka samo laƙabin Moshoeshoe. Masu karanta shi "Moshu-shu" su daina, Mushweshwe ake faɗa.

A 1824, zamanin da Sarkin Musulmi Bello ke kan gado a Sakkwato, yaƙe-yaƙe da yunwa sun tarwatsa yankin. Moshoeshoe ya kwashi jama'arsa daga Butha-Buthe zuwa wani dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, Thaba Bosiu, wato "dutsen dare", wanda aka yi ta yaɗa cewa da dare ƙara tsawo yake yi. A hanya wasu da yunwa ta mai da su masu cin naman mutane suka kama kakansa Peete suka cinye. Da aka kamo su, kowa na jiran a zare takobi, sai ya ce cikinsu ai kabarin kakansa ne, ba a tone kabari. Ya ba su shanu da gonaki.

Haka ya yi wa mayaƙan Ndebele na Mzilikazi da suka kawo wa dutsen hari wajen 1831. Aka yi ta mirgino musu duwatsu har suka juya, shi kuma ya bi su da shanu, wai su yi guzuri. A 1852 mayaƙansa suka ba rundunar Ingila ta Gwamna Cathcart wuya a Berea, amma a daren ya aika wasiƙar neman sulhu, don Bature ya samu hanyar komawa da mutuncinsa. Masu kiran wannan tsoro su tambayi Turawan Bowa (Boer) na Afirka ta Kudu, waɗanda kwamandansu Louw Wepener ya mutu a kan hawan Thaba Bosiu da suka kai hari a 1865.

Duk da haka Bowa sun ci mafi kyawun gonakinsa. Ya nemi kariyar Ingila, ya samu a 1868, ya rasu a 1870.

Sauran sananne ne: Yaƙin Bindiga a 1880, 'yancin kai ranar 4 ga Oktoba 1966, yanzu Letsie na Uku ke sarauta, madatsar ruwa ta Katse kuma tana shayar da Johannesburg.