Sulhu Kan Auren Matafiyi a Ƙauyukan Arewacin Kano

3.1 Asalin Matsalar

A wannan fasali za a duba yadda ake sasanta rikicin aure idan miji ya yi doguwar tafiya, a ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa. Wannan yanki yana da cunkoson jama'a, gonakin gado kuma ƙanana ne, ana noma su kowace shekara ba hutu. Don haka da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, sai magidanta da yawa su fita cin rani. A da, wasu sukan kama hanyar Gabas a ƙasa, ta Barno da Cadi da Sudan, su shafe shekaru kafin su isa Makka. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara yawan masu fita.

Rikicin yakan taso ta fuska biyu. Ko dai miji ya aiko matarsa ta biyo shi iyayenta su ƙi, ko kuma ya yi shiru ya bar ta ba ci ba sha.

3.2 Matakan Sulhu

Waliyyan aure su ne matakin farko, bisa koyarwar aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ce a wakilta mai sulhu ɗaya daga kowane ɓangare. Idan abin ya gagara, sai a je zauren mai unguwa tare da liman, daga nan sai dagaci, sannan hakimi. Alƙali shi ne na ƙarshe.

Dalilin jinkirta zuwa kotu a fili yake. A Malikiyya, alƙali zai iya raba auren saboda rashin ciyarwa, ko ya yanka wa matar wanda ya ɓace wa'adin shekara 4 sannan ta yi idda. Amma a zaure ana ƙulla sharuɗɗan da za su riƙe auren, wato ɗan'uwan miji ya riƙa auna mata hatsi daga rumbun gandu, ko a jira mijin zuwa faɗuwar damina, ko muharrami ya raka ta da alkawarin zuwa ganin gida. Sai dai sau da yawa ita matar ba ta cikin zauren, waliyyinta ne bakinta.

3.3 Sauye-sauye

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, dokar kotunan gargajiya ta 1906 ta bar shari'ar aure a hannun alƙalai. A 1968 kotunan yanki suka maye gurbin na En'e, sarakuna suka rasa ikon hukunci, amma sulhu ya zauna a zaurukansu. An ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, mata suka sami inda za su kai kuka da bakinsu.

Haka abin yake a wasu ƙasashe. A Kanada, wanda aka hana wa izinin kai matarsa ko mijinta yakan ɗaukaka ƙara, kuma akan fara da zaman sasantawa kafin cikakken sauraro. Bambancin shi ne, can da hukuma ake sasantawa, a ƙauyen Kano kuwa da surukai.