Tatiyana Samoilova: 'Yar Wasan da Aka Hana Ta Fita

Ko wane mai karatu da ya taɓa shiga gidan sinima ya san yadda 'yar wasa ta kan sa jama'a su yi dariya ko su yi hawaye, alhali kuwa inuwarta kaɗai su ke gani a jikin farin ƙyalle. To, ga labarin wata mace Barashiya wadda ta sa Turai ta zub da hawaye, sa'an nan hukumar ƙasarta ta rufe mata ƙofa.

An haifi Tatiyana Samoilova ran 4 ga watan Mayu, 1934, a birnin Leningrad, wanda yanzu a ke kira San Fitasbag. Ubanta, Yevgeni Samoilov, shi ma sanannen ɗan wasa ne, watau gado ta yi. Tun tana ƙarama ta koyi rawa, daga baya ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a Masko.

A zamanin nan ƙasar Rasha tana cikin Tarayyar Sobiyet, kuma duk fim ɗin da za a yi, hukuma ce mai shi. Sa'ad da Stalin ke mulki, fim ɗin yaƙi ba ya nuna kome sai jarumai da nasara da yabon shugaba. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ya ci rayukan mutanen Sobiyet wajen miliyan 27, da wuya ka sami gidan da bai yi makoki ba. Da Stalin ya mutu a 1953, sai aka ɗan sassauta, masu fim suka sami damar nuna baƙin cikin talaka.

A 1957 wani gwani mai suna Mikhail Kalatozov ya shirya fim da a ke kira Gauraki Suna Shawagi, ya ba Tatiyana babban matsayi, tana da shekara 23. Ta fito a matsayin wata yarinya, Veronika, mai son wani saurayi, Boris. Da Jamus ta kawo hari a 1941, Boris ya sa kansa cikin soja, ko ban kwana ba su samu sun yi ba. Bom ya kashe iyayenta, ta koma gidan su Boris, can wani ɗan'uwansa ya ci amanarta, har ta aure shi ba da son ranta ba. Boris ya mutu a fagen fama, ita kuwa ta ƙi yarda, tana ta jira. Ran da sojoji suka komo, ta tafi tashar jirgin ƙasa da furanni a hannu. Nan abokinsa ya tabbatar mata da mutuwarsa, sai ta share hawaye ta rarraba furannin ga waɗanda suka komo da rai.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, Veronika ba jaruma ba ce, mace ce mai rauni wadda ta yi kuskure, amma fim ɗin bai la'ance ta ba. Tatiyana kuwa ba ta cika magana ba, idonta ne ke faɗin abin da ke zuciyarta.

A 1958 aka kai fim ɗin garin Kan, a bakin teku kudancin Faransa, inda a kan taru ko wace shekara a gwada finafinan duniya. Ya ci babbar kyauta, Palme d'Or, kuma shi kaɗai ne fim ɗin Sobiyet da ya taɓa cin ta. Ita ma Tatiyana alƙalai suka yi mata yabo na musamman. Nan da nan sunanta ya cika Turai, masu fim na ƙasashen Yamma suka nemi ta zo ta yi musu aiki. Amma a lokacin ba mai fita daga Tarayyar Sobiyet sai da iznin hukuma, hukuma kuwa ta ƙi. Haka ta koma Masko tana ji tana gani.

Duk da haka ta sami wasu ayyuka. Ta sake yin fim da Kalatozov, ta fito a wani fim na ƙasar Hungari a 1961, sa'an nan a 1964 ta fito a fim ɗin Giuseppe De Santis, mutumin Italiya. A 1967 aka ba ta matsayin Anna Karenina, daga shahararren littafin nan na Tolstoy. Abin mamaki, wanda ya fito a matsayin masoyinta, Vasili Lanovoy, tsohon mijinta ne. An shirya nuna fim ɗin a Kan a 1968, sai tarzomar ɗalibai da ma'aikata ta ɓarke a Faransa, aka watse taron. Ka ga sau biyu ke nan ƙofar Turai ta buɗe mata, sau biyu ta rufe.

Daga nan tauraronta ya fara dushewa, ta yi shekaru ba a cika ganinta ba. Sai da ta manyanta aka tuna da ita. Aka ba ta lambar girma ta 'Yar Wasan Jama'ar Rasha, a 2007 kuma taron finafinai na Masko ya karrama ta. Ta rasu a Masko ran 4 ga Mayu, 2014, ranar da ta cika shekara 80 daidai.

Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Hukumar da ta hana ta fita ta rushe tun 1991, amma har yau ana nuna fim ɗin nan a ƙasashe da dama, mutane suna kallon Veronika tsaye a tashar jirgi, da furanni a hannunta.