DAGA ZANGO ZUWA TASHA: HANYA DA CINIKI A ƘASAR GAYA

Tun daga 2007 Bankin Duniya yake fitar da wani ma'auni wanda yake jera ƙasashe bisa ga ƙwazonsu wajen jigilar kaya. Yana duba aikin kwastan, da kyawun hanyoyi da tashoshi, da sauƙin aika kaya waje, da ƙwarewar masu dako, da iya bin sawun kaya, da kuma isarsu a kan lokaci. A 2018 Nijeriya ta zo ta 110 cikin ƙasashe 160. A 2023 ta zo ta 88 cikin 139. To, amma waɗanda aka nemi ra'ayinsu a waɗannan shekaru kamfanonin da ke hulɗa da tashoshin jiragen ruwa ne, watau daga bakin teku suke hango ƙasar. Ma'aunin bai ce kome ba game da buhun da ya taso daga wata gona a Ajingi, ko wanda ke biyan kuɗin ɗaukarsa kafin ya ga kwalta. Tarihin ƙasar Gaya, wadda Ajingi take cikinta tun kafin a yi mata ƙaramar hukumarta, yana da abin faɗa a kan wannan.

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Bisa ga labarin da aka gada, daga can ne Abagayawa maƙera suka zo gindin Dala neman tama. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin magajinsa Yakubu kuma gishirin Azbin ya yawaita a ƙasar Hausa, Barebari suka yi ta shigowa. Gaya tana gabas da birni, ta fuskar Haɗeja da Katagum da Barno, saboda haka tana cikin garuruwan da suka mori wannan buɗi. Ƙarfinta ya kai har wani Sarkin Gaya, Farin Dutse, ya yi shekara uku bai kai gaisuwa Kano ba a zamanin Sarki Dadi (1670–1703). Mai iya yin haka lalle yana da abin dogara a gida, kuma da wuya a ce noma kaɗai ne.

Fatauci a wancan zamani yana da tsari wanda ya cancanci ma'aikacin yau ya yi nazarinsa. Ayari yana da madugu, shi ne mai yanke shawarar ranar tashi da wurin yada zango, shi ne kuma mai daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da sauran abin da ake biya. Jagaba yana gaba, uban dawaki yana tsare da tattara kuɗi. A kowane babban gari akwai fatoma mai saukar da baƙi, mai ajiye musu kaya, mai tsaya musu a bashi, da dillali mai haɗa su da masu saye. Duk abin da ma'aunin Bankin Duniya yake nema, in an duba, ayarin Gwanja yana da irin nasa. Abin da ya rasa shi ne ƙarfin ɗauka. Jaki bai cika wuce kilo 50 ba, ga shi yana ci yana sha, ga mai kora, kuma zuwa Salaga da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Don haka kaya masu tsada marasa nauyi ne kawai suke iya biyan kuɗin tafiyarsu: baƙin rini, goro, kanwa, gishiri, jan fata. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mutanen birnin 30,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da ake fitarwa a shekara a kan wuri miliyan 300. Gero da dawa da gyaɗa kuwa iyakarsu kasuwannin kusa, domin kafin su yi nisa kuɗin dako ya cinye su. Manomin Gaya ya san gyaɗa tun kaka da kakanni, yana shuka ta a tsakanin dawa, matan gida suna matsar mai suna toya ƙuli-ƙuli. Bai noma ta da yawa ba saboda babu hanyar kai ta inda take da daraja.

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Abin da suka fara yi wa fatake shi ne sa musu kuɗin ayari, wanda aka soke a 1907, shekarar da Gwamna Girouard, injiniyan reluwe, ya soma shimfiɗa dogo daga Baro. Dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Afrilu 1912, bayan an haɗe shi da na Ikko a Minna. Nisa daga Kano zuwa teku wajen mil 700 ne. Tafiyar da take cin makonni ta koma ta 'yan kwanaki, ko da yake sai da aka ci gaba da ƙetarar da taragai a jirgin fito a Jebba har 1916, lokacin da aka gama gada. Fataucin Tarabulus ta hamada, wanda dama ya yi rauni, bai sāke farfaɗowa ba.

Abin lura shi ne ba don gyaɗa aka yi dogon ba. Masu masaƙu a Lankasha ta Ingila auduga suke so, kuma sun yi imani ƙasar Kano za ta raba su da dogaro da Amurka. Manomi ya yi nasa lissafin. Auduga tana son aiki mai yawa, ba ta ciyuwa in yunwa ta zo, kuma masaƙan gida suna biyan fiye da abin da Bature yake tayawa. Gyaɗa kuwa ta dace da jigawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, ga masu yin man shafa burodi a Turai suna rububinta. A 1912 abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba. A 1913 ya haura tan 19,000, a 1916 ya kai wajen 50,000. Babu jami'in gona da ya ba da wannan umarni; kuɗin dako ne ya faɗi, sa'an nan ga haraji ana nemansa da sule.

Turawan kanti a Fagge ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa sosai. Waɗanda suka cike wannan giɓi tsofaffin fataken goro ne, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya zama mai saye wa Kamfanin Neja a 1918. Su ne ke da yara a kowane gari, su ne suka san wanda za a ba bashi da bazara ya biya da kaka. Suka watsa 'yan baranda da sikeli a kasuwanni, suka juya jakunan Gwanja zuwa dakon gyaɗa. Jirgin ƙasa ya ɗauki mil 700 na ƙarshe, amma mil 40 na farko suna nan a bayan jaki da takarkari da raƙumi, kamar a zamanin Burja.

A nan ne rabon Gaya ya bambanta da na maƙwabtanta. Da aka zo miƙa dogo gabas, sai aka bi da shi ta Jogana, Zakirai, Ringim, Taura, Gagarawa da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. Kogin da ya ratso Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja ya shiga tsakanin garin Gaya da wannan layi. Ƙauyukan da ba su da wani suna a da, da tasha ta sauka a cikinsu, suka sami kantuna da rumfunan awo da baƙi. Malam Madori da Gagarawa shaida ne. Mutumin Gaya ko na Ajingi kuwa zaɓi biyu gare shi: ya kora jakunansa yamma ta Wudil zuwa Kano, ko ya nufi arewa ya nemi mashigi. Da rani kogin yakan janye a ƙetare da ƙafa, kuma sa'a ce da cinikin gyaɗa ya faɗo a rani. Da damina sai kwale-kwale.

Da gwamnati ta karɓe cinikin, daga hukumar lokacin yaƙi ta 1942 zuwa Hukumar Gyaɗa ta 1949 da Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta 1954, sai wannan bambanci ya shiga takarda. Ana yanka farashi ne a tashar jirgi; wuraren awo da ke nesa da dogo ana rage musu gwargwadon kuɗin kai kaya tasha. Ma'ana, manoma biyu da suka yi noma iri ɗaya, suka zuba gumi ɗaya, sai ɗaya ya fi ɗaya samu don kurum injiniya ya ja layinsa ta arewacin kogi. Wannan haraji ne da babu majalisar da ta zartar da shi, kuma ba ya cikin rasit ɗin dagaci.

Dalar gyaɗa ma tana bukatar a sāke dubanta. An buga hotonta a littattafan makaranta, an mai da ita alamar arzikin Arewa, kuma gaskiya ce arziki ne: kowace ɗaya takan ɗauki buhu wajen 15,000. Amma dalilin tsayuwarta shi ne jirgi ya kāsa kwashewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi sun tsufa, taragai sun yi kaɗan, layin kuma tilo ne, sai wani ya tsaya wani ya wuce. Gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba ta tafi ba, a rufe da tamfol, ƙwari suna ci, rana tana ɓata manta. Kowane buhu a cikin dala kuɗi ne da aka riga aka biya manomi, ba a kuwa karɓo daga mai saye ba. Kafa Hukumar Jiragen Ƙasa a 1955 da sayo kawunan jirgi masu aiki da man dizal sun rage cunkoson, har kayan da hukumar ke ɗauka suka kai wajen tan miliyan 3 a 1964, shekarar da dogon Barno ya isa Maiduguri ta Bauchi da Gombe. Rancen da aka yi wannan aiki da shi, dala miliyan 28 a 1958, shi ne na farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya.

Daga nan sai gangara. Rikicin 1966 ya kori ɗimbin ƙwararrun ma'aikatan reluwe daga Arewa, yaƙin basasa ya rufe layin Fatakwal, fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo a 1975. Kuɗin man fetur ya tafi ga tituna, kaya suka koma kan manyan motoci. Ƙwararrun Indiya da aka ba riƙon reluwe daga 1979 zuwa 1982 sun ɗan tayar da shi, da suka tafi ya sāke kwantawa. A 1975 jiragen ruwa sama da 400 suka yi jerin gwano a bakin Ikko, yawancinsu ɗauke da siminti, ana biyansu kuɗin jira kowace rana. Wannan ma dala ce, sai dai a kan ruwa, kuma ta kayan shigowa.

Komawa mota ya yi wa Gaya wani alheri wanda dogo bai yi mata ba, domin mota tana zuwa duk inda aka zuba burji. Hukumar raya karkara ta Jihar Kano, KNARDA, da hukumar DFRRI ta 1986 sun buɗe hanyoyin ƙauye masu yawa. Matsalarsu ita ce an fi son buɗewa da gyarawa. Buɗe hanya yana da biki da yanka ƙyalle, share lambatu da gyaran kwalbati ba su da shi, alhali kuwa su ne ke sa hanyar burji ta ga damina ta uku. Inda kwalbati ɗaya ta karye, mai akori-kura ba ya shiga, sai amalanken shanu ko babur, kuma mai saye da ya yi wahalar shigowa shi zai yanka farashin da ya ga dama, tun da ba shi da abokin takara. Ragin da Hukumar Ciniki take rubutawa a takarda yana nan, an soke hukumar a 1986 amma shi ba a soke shi ba.

Kayan da ke fita daga gabashin Kano da Jigawa zuwa ƙasashen waje sun sauya. Riɗi da zoɓo sun ɗauki matsayin da gyaɗa take da shi, ana tara su a kasuwar Dawanau, a loda a tirela zuwa Apapa, inda a wajen 2017 zuwa 2019 mota takan yi makonni a layi kafin ta shiga tasha. An ba da kwangilar mai da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye a 2006, ta Wudil da Gaya da Shuwarin, aikin da ya ɗauki fiye da shekara 15 ana yinsa gutsure-gutsure. A watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, don a riƙa gama aikin kwastan a Kano. Amfaninta ya rataya ne a kan samun jirgin kaya mai tashi a kan ƙa'ida. A watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da reshe zuwa Dutse wanda aka tsara zai bi ta Gaya. In ya tabbata, dogo zai iso kudancin kogin bayan kusan shekara 100 da wucewar na Nguru. Daga tashar Gaya zuwa gonakin Ajingi kuwa, hanyoyin ba sa cikin wannan kwangila. Suna hannun gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma.