Zumuntar Mata: Yadda Ƙawance Ya Zama Ginshiƙin Ikilisiya a Ƙasar Hausa

Zumuntar Mata ita ce ƙungiyar matan aure ta cikin ikilisiya, kuma da wuya a sami majami'ar da ake sujada da Hausa a Arewacin Nijeriya ko kudancin Nijar wadda ba ta da ita. Akwai ta a ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, akwai ta wurin Anglikan da Baptis da Katolika. A kudancin Jihar Kano, yankin da ya haɗa Rano da Kibiya da Sumaila da Tudun Wada da Rogo, Musulmi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, haka ma a garuruwa irin su Rurum Sabon Gari ta ƙasar Rano. Amma a ƙauyuka da unguwannin da ke warwatse cikin gonaki akwai Hausawa Kirista, akasarinsu jikokin Maguzawa. A irin waɗannan wurare majami'a kan rasa fasto na dindindin, ta rasa rufin kwano mai kyau, amma ba ta rasa matan zumunta.

Sunan ma abin lura ne. Zumu a Hausa ɗan'uwa ne ko makusanci, zumunta kuwa haƙƙin da ke tsakanin dangi: gaisuwa, ziyara, taimako ranar daɗi da ranar wuya. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, wato wanda bai taka ya je ba, bai sada ta ba. Da matan ikilisiya suka ɗauki wannan kalma, sun ɗauke ta da nauyinta duka. Abin da suka sauya kawai shi ne tushen dangantakar: maimakon jini, sai bangaskiya.

Ƙawancen mata ya girmi mishan a ƙasar Hausa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana yadda mace ke ƙulla ƙawance da tsararta, da yadda babba ke ɗaukar yarinya ta zama ƙanwar ranarta. Ƙawaye na yi wa juna biki: ranar suna ko aure ƙawa ta kawo gudummawa, ranar nata kuma a mayar mata da ninki. Ga kuma adashi. Dalilin ƙarfin wannan al'ada a fili yake. Namiji na zaune a gidan ubansa har ya mutu, mace kuwa aure kan ɗauke ta ya kai ta cikin baƙi, inda ba ta da uwa ba ta da 'yar'uwa, sai wadda ta nema da kanta.

Matan Maguzawa suna da nasu yanayi dabam. Ba sa kulle. Suna noma a gandun miji, suna kuma da gayaunarsu, wadda amfaninta nasu ne. Su ke dafa giya, kuma giya ita ce babbar hanyar samun kuɗinsu da abin da ke tara jama'a a gayya da buki da makoki. A wajen bori ma mata ne kan gaba. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta yadda bautar iskoki ke tafiya bisa gida da zuriya, maigida na yanka a madadin iyalinsa. Ma'ana, addini da dangi abu guda ne. Wanda ya bar ɗaya, ya taɓa ɗayan.

Bishara ta daɗe kafin ta iso wannan yanki. A 1900 Sarkin Kano Alu Babba ya sallami tawagar Bishop Tugwell ta CMS bayan 'yan kwanaki kaɗan, kuma bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 Turawan mulki sun yi alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka suka tsare mishan daga masarautu. Duk da haka Likita Mila na CMS ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aka mayar da aikin Wusasa wajen 1929. Ƙofa ta fara buɗewa sosai ne a shekarun 1930: an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sannan wajen 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, abin da ya bar asibitocin Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Sai dai waɗanda suka shiga ƙauyukan Maguzawa da ƙafa, suka kwana a ɗakin kara, yawanci ba Turawa ba ne. Masu bishara ne baƙar fata daga kudancin Zariya da Tangale da Filato, waɗanda suka yi karatu a makarantun Littafi Mai Tsarki irin na Kagoro da Tofa, suka zo da matansu. Tarihi ya fi riƙe sunayen mazan. Amma matar mai bishara ce ke iya shiga cikin gida ta zauna bakin murhu, kuma a tsakar gidanta ajin mata na farko kan fara.

Labarin da matan ECWA ke bayarwa game da asalin ƙungiyar yana komawa Miyango ta ƙasar Irigwe a Filato, a shekarar 1930. An ce wata mata ce ta kusa rasa ranta wurin haihuwa saboda nisan magani, sai matan majami'ar suka haɗa kuɗi aka sayi keke don irin wannan rana. Sauran ɗariku kowace na da nata labarin farawa, galibi daga ajin ɗinki da karatu da wata Baturiyar mishan ta buɗe. Da ikilisiyoyi suka fara tsayawa da ƙafarsu, ECWA a 1954, tarayyar da ake kira TEKAN yanzu a 1955, sai ƙungiyoyin matan suka sami tsari tun daga majami'ar ƙauye zuwa gunduma har ƙasa baki ɗaya, da shugabanni da taron shekara. Hausa ce ta ɗinke su. Matar Kagoro da ta Tangale da Bura da Bamaguza ba sa jin harshen juna, amma duk suna rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi.

Guguwar sauyin addini ta taso wa Maguzawa ne daga shekarun 1960, lokacin rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello, da kuma shirin Sabon Rai Don Kowa da ikilisiyoyi suka fara a daidai wannan zamani. Cikin shekarun 1970 da 1980 zama Bamaguje ya yi ta ƙara wuya: makaranta, kasuwa, aikin gwamnati, duk suna tambayar mutum addininsa. Da yawa sun musulunta, wasu suka zama Kirista, har a gida ɗaya a kan sami kashi uku. Ga mace, tuba na da tsada ta musamman. Ikilisiyoyin da suka fito daga SIM sun haramta giya ɗungurungum, wato sana'arta ta tafi. Ta bar bori, wanda shi ne asibitinta da dandalinta. Dokar mace ɗaya ta jefa gidajen da ke da kishiyoyi cikin tsaka mai wuya a batun baftisma. Wata kuma danginta sun daina cin abincinta. Zumuntar Mata ta tsaya ne daidai a wannan gurbi. Ta ba da taro a madadin wanda aka bari, ta ba da 'yan'uwa a madadin waɗanda suka juya baya, ta kuma koyar da sana'a: sabulu, saƙa, ɗinki, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Taron mako yakan kasance da rana tsaka ko da yamma, a ranar da ba ta ci karo da kasuwa ba, kuma da damina a kan matsa shi saboda gona. Mata na isowa da goyo a baya, wata da Littafi Mai Tsarki naɗe cikin leda don kada ruwa ya taɓa shi. Uwar zumunta, wadda sau da yawa matar fasto ce ko wata dattijuwa, tana zaune gaba tare da shugaba da magatakarda da ma'aji. A buɗe da addu'a, a kira suna, wadda ta makara ta biya tara kaɗan, ana dariya ana tsiya. A karanta nassi, a maimaita ayar haddacewa har ta zauna a bakin wadda ba ta iya karatu ba. Daga nan sai bayanin wanda ba shi da lafiya, wadda ta haihu, gidan da aka yi rasuwa, da wadda aka kwana biyu ba a gani ba. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci, domin a nan take a kan naɗa mutum biyu su je su dubo ta. Ba sa kiran juna da suna gatsau. Babba Mama ce ko Iya, tsara 'yar'uwa ce, sau da yawa kuma a kira mace da sunan ɗanta na fari. Karatun boko na mata da yawa a karkara daga nan ya samo asali, tun kafin makarantar firamare ta iso ƙauyensu, saboda mai neman baftisma ana so ta iya buɗe Littafin da kanta.

Abin da ya fi fito da su fili shi ne waƙa. Turawan mishan na farko sun yi ɗari-ɗari da ganga, suna ganin tana da alaƙa da tsafi, suka kawo waƙoƙin Ingila da Amurka da aka juya zuwa Hausa, waɗanda karinsu kan murɗe karin harshen. Matan ba su yi gardama ba, sai suka shigo da kayan ɗakin girki. Tulu na yumɓu, babba da ƙarami, ana dukan bakinsa da faifan soso ya ba da amo mai zurfi kamar daga ƙarƙashin ƙasa; ga caki, ga ƙarfen da ake bugawa da sanda yana riƙe lokaci. Mai ba da waƙa ta ɗaga, sauran su amsa, daidai yadda ake yi a waƙar daka da ta niƙa da ta gaɗa. Waƙoƙin nasu ne, su ke tsara su, kuma ba labarin Nuhu da Yunusa kaɗai suke ɗauke da shi ba. Akwai gargaɗi ga miji mashayi, da uwar miji mai tsanani, da budurwa mai rawar kai, har da dattawan ikilisiya in sun yi sake. Mace ba ta hawa bagade ta yi wa'azi a yawancin waɗannan ɗariku, amma minti goma na matan zumunta ranar Lahadi wa'azi ne cikakke, kuma sau da yawa shi jama'a ke komawa gida da shi a baki.

Batun sanin kai cikin Allah, wanda shi ne jigon koyarwarsu, yana bayyana a abubuwa biyu da ido ke gani. Na farko suna. Yarinyar da aka haifa Talatu ko Lami ko Asabe, ko aka yi mata laƙabin Maguzawa, takan ɗauki sunan Saratu ko Rifkatu ko Hannatu ko Tabita ranar baftisma, kuma a zumunta ake koya mata labarin mai sunan. Labarin Rut, wadda ta bar ƙasarta da allolin gidansu ta bi surukarta Na'omi, ba ya bukatar dogon sharhi a gaban matan da suka yi irin wannan tafiya da ƙafarsu. Na biyu anko. Zane ɗaya, ɗankwali ɗaya, da tambarin ɗarika da aya a jiki. Matar ma'aikacin gwamnati da gwauruwar da ke aikin ƙodago a gonar wani, ranar taro ba a bambanta su. A al'ummar da ake auna mace da gidan da ta fito, da mijin da ta aura, da yawan 'ya'yan da ta haifa, koyarwar cewa darajarta daga Mahaliccinta take ba ƙaramin abu ba ce, musamman ga wadda ba ta haihu ba ko wadda miji ya mutu ya bari. Ga Hausawa Kirista akwai ƙarin wani nauyi, domin sau da yawa a kan ɗauka Bahaushe Musulmi ne kawai, har 'yan'uwansu Kirista na kudu ma kan yi musu wannan kallo. Wannan ne ya sa wasu suka fi son sunan Masihiyawa, suka kafa tarayya da wannan suna.

Ta fuskar kuɗi, baikon mata ƙarami ne amma ba ya yankewa: kwanon dawa da kaka, 'yan canji kowane mako, wani wurin har gonar zumunta da suke nomawa tare. Da shi ake sayen bencina, a tallafa wa mai bishara a bakin daji, a kai wa mai jego sabulu da itace. Ranar makoki su ke kwana a gidan, su ke girki, su ke waƙa har gari ya waye. A Nijar ma haka abin yake. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, inda SIM ta kafa tasha a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ta nuna yadda mata ke riƙe da rayuwar ikilisiya ta yau da kullum alhali shugabanci na hannun maza. Wannan giɓi har yanzu yana nan: ECWA da EYN da Anglikan ta Nijeriya ba sa naɗa mace fasto, kuma majalisar dattawa kan sa ido a kan asusun matan.

Tsarin bai zama baƙo ga maƙwabtansu Musulmi ba. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, inda mata masu laƙabin jaji ke yawo ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙa, kuma a 1985 aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna. A ƙauyukan kudancin Kano, inda 'yar zumunta kan kasance tana da ƙanwa ko goggo Musulma, gaisuwar suna da ta mutuwa ba ta tsaya a bakin addini ba, tuwon Sallah da shinkafar Kirsimati suna ƙetare katanga.

Shekarun rikici sun ƙara wa ƙungiyar wani aiki. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, da tarzomar Tudun Wada ta Satumban 2007 da aka ƙona majami'u, da hare-haren Boko Haram, matan zumunta ne suka fi ɗaukar nauyin gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan ikilisiyar EYN ne, kuma a 2015 mawaƙan zumuntar matan wannan ɗarika suka zagaya majami'un Amurka suna waƙa da Hausa. A yau ana ɗaukar waƙoƙin zumunta da waya a saka a Facebook da YouTube, ana kiran taro ta WhatsApp, kuma a birane an sami rassan da ke taro da Turanci saboda matan da suka yi boko mai zurfi. A karkarar Rano da Kibiya da Sumaila kuwa Hausa ce harshen taro, amarya na shiga zumunta ne bayan an ɗaura aure, a karɓe ta da waƙa a ɗaura mata zanen ƙungiya.