Daga Latin Zuwa JAMB: Tarihin Ƙofar Shiga Aikin Lauya a Nijeriya

Duk shekara, idan aka buɗe sabon zangon karatu, mukan tarar da wasu ɗalibai a ajin farko na wannan sashe namu waɗanda fuskokinsu kaɗai sun isa shaida cewa ba nan suka nufo ba. In an tambaye su sai su ce su lauya suka cika a fom, maki ne bai kai ba, ko kuwa gurbi ya ƙare, aka turo su nazarin harshe da adabi. Wasu kan saki jiki har su zama abin alfaharin sashe. Wasu kuwa sukan shekara guda da littafin waƙa a gabansu, tambayoyin JAMB na shekarun baya a ƙarƙashin benci, suna shirin sake gwadawa. Domin waɗannan ɗalibai muka ga ya dace mu waiwayi tarihin ƙofar da suke ƙwanƙwasawa, mu ga wanda ya gina ta da irin mabuɗan da aka riƙa nema a bakinta.

Ɗan Nijeriya na farko da ya zama cikakken lauya shi ne Christopher Sapara Williams, wanda zauren Inner Temple na Landan ya tabbatar da shi a 1879, ya kuma fara aiki a Ikko a 1888. A wancan zamani akwai wata ƙaramar ƙofa a gida. Dokar Kotun Ƙoli ta 1876 ta bai wa Babban Joji ikon ba da lasisin tsayawa gaban kotu ga mutanen da ya gamsu da halinsu da ɗan saninsu na doka, saboda ƙarancin ƙwararru. Gab da Yaƙin Duniya na Farko aka rufe wannan ƙofa, bayan da waɗanda suka yi karatu a Ingila suka yi yawan da za su iya ƙorafi. Daga nan har kusan shekara hamsin, wanda duk ke son sanya baƙar riga da hular gashi tilas ya hau jirgin ruwa.

Abin da ake bukata a can yana da ban mamaki ga ɗalibin yau. Ba a tilasta wa mutum ya yi digiri ba. Abin da ake so shi ne ya sami shiga ɗaya daga zaurukan lauyoyi huɗu na Landan, wato Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple, ya ci jarrabawarsu wadda ta ƙunshi har da dokar Rumawa da dokar filaye ta Ingila, sa'annan ya halarci cin abincin dare a zauren sau adadin da aka ƙayyade. Hikimar cin abincin, in ji masu al'adar, ita ce yaro ya zauna da manya ya koyi ɗabi'ar sana'a. Amma ga akawun da ya tara kuɗin jirgi da gumin goshinsa, ma'anarsa ita ce zaman haya na shekaru a ƙasar sanyi. Saboda haka jarrabawar farko ta aljihu ce, kuma 'ya'yan attajiran bakin teku da waɗanda wata hukuma ta ɗauki nauyinsu su ne suka fi cin ta.

A Arewa labarin ya sha bamban, kuma bai kamata a karanta shi da cewa jahilci ne ya hana ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da nata tsarin horar da masana shari'a. Ɗalibi kan zauna a zauren malami ya sauke Risala, ya wuce zuwa Muhtasar na Halil, ya karanta Tuhfatul Hukkam domin sanin ladubban hukunci, kuma ba fom ake cikawa ba, shaidar malami ita ce takarda. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano da malamai daga Sudan domin horar da alƙalai da ma'aikatan kotunan En'e, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A nan Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa. Bugu da ƙari, tsarin kotunan da Lugard ya shimfiɗa a 1914 ya hana lauyoyi tsayawa a kotunan lardi, haka kuma ba su da wurin zama a kotunan alƙalai. Wane uba ne zai sayar da shanunsa ya tura ɗansa Landan koyon sana'ar da ba ta da kasuwa a garinsu? Ga kuma kallon da jama'a ke yi wa lauya, na mutumin da ake biya ya mai da ƙarya gaskiya, kallon da har yau bai gushe gaba ɗaya ba.

Shi ya sa sai a 1955, shekara 76 bayan Sapara Williams, Jihar Arewa ta sami lauyanta na farko, Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilori, wanda shi ma daga Inner Temple ya fito. Lokacin nan guguwar mulkin kai ta taso, gwamnatin Kaduna ta farga cewa za a miƙa mata kotuna da ofishin Antoni-Janar alhali ba ta da 'ya'yanta da za su riƙe su. Aka fara zaɓo samari masu kaifin ƙwaƙwalwa ana turawa. Biyu daga cikinsu, Mamman Nasir da Muhammadu Bello, duka Katsinawa, sai da suka biya ta Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka koyi Latin kafin su wuce Lincoln's Inn. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Yaro ne da ya tashi da Hausa a gida, ya yi Larabci a allo, ya yi Ingilishi a makarantar boko, sa'annan aka ce ba zai kusanci littafin doka ba sai ya haddace nahawun harshe na huɗu wanda babu mai ciniki da shi a ko'ina a duniya. Suka haddace. Mamman Nasir ya zama Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, Muhammadu Bello kuma Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais, ta Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya ya bi kafin ya tafi Middle Temple. A wannan zaure ne kuma Aloma Maryam Mukhtar ta kammala a 1966, ta zama lauya mace ta farko daga Arewa, daga baya a 2012 ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar Babban Joji.

Aibin hanyar Landan a fili yake. Mutum ya dawo ya san yadda ake gadon gona a Ingila, bai san yadda ake rabon gado a Zazzau ko riƙon filin dangi a Abekuta ba. Ban da haka, a Ingila aikin lauya kashi biyu ne, mai tsayawa gaban joji daban, mai rubuta yarjejeniya da ganawa da masu ƙara daban, alhali a nan mutum ɗaya ke yin duka biyun, an kuwa horar da shi a kan rabi ne kawai. Wannan ne ya sa a 1959 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Antoni-Janar Unsworth. Kwamitin ya ba da shawarar a riƙa yin digirin lauya a jami'o'in gida, sa'annan a kafa makaranta guda a Ikko domin koyar da aikin a aikace. Ibadan aka so ta fara, amma Nsukka ta riga ta a 1961, Ikko da Ife da Zariya suka biyo a 1962, ita kuwa Ibadan sai a shekarun 1980. Aka yi Dokar Ilimin Lauya a 1962, kuma a Janairun 1963 Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta buɗe a wani gida a titin Igbosere da ɗalibai 8, kwas ɗin kuma na wata uku ne.

Daga nan ƙofa ta zama biyu, kuma ta farkon ita ce mai ƙunci. Kafin 1978 kowace jami'a ita ke shirya tata jarrabawar shiga, har ɗalibi ɗaya kan sami gurbi uku ya bar wasu ba ko ɗaya. Domin maganin haka gwamnatin soja ta kafa Hukumar JAMB a 1978. A 2005 jami'o'i suka sami izinin ƙara tasu tantancewa bayan ta JAMB, a 2015 kuma aka mai da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta, abin da ya zama sabon Latin ga yaron da bai taɓa dafa madannai ba sai ranar jarrabawa. Mai neman lauya yana rubuta darussa huɗu a kan maki 400, kuma biyu daga ciki ba makawa, Ingilishi da Adabin Ingilishi, waɗanda tilas ya kasance yana da kiredit a cikinsu tun daga sakandare. Mu da adabi ne abincinmu ba za mu yi ƙorafi a kan wannan sharaɗi ba, domin wanda bai iya warware baitin waƙa ba da wuya ya warware sashen doka. Abin da muke tambaya shi ne me ya sa gwanintar yaro a Hausa ko Yarbanci ba ta cike masa wannan gurbi, alhali yawancin waɗanda zai kare wata rana da waɗannan harsuna za su kawo masa kukansu, kuma kuskuren tafinta ya isa ya ɗaure marar laifi.

Ya kamata kuma ɗalibanmu su san cewa ba kullum rashin ƙoƙarinsu ne ya mayar da su baya ba. Majalisar Ilimin Lauya tana yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da laburarenta, kuma jami'ar da ta zarce adadin ɗalibanta ne ke shan wuya, domin sukan gama shekara biyar na digiri su zauna jiran layi kafin a karɓe su a ƙofa ta biyu.

Ita wannan ƙofa ta biyu ta yaɗu ƙwarai. Hedikwatar makarantar ta koma Bwari kusa da Abuja a 1997, kuma yanzu tana da rassa a Ikko da Inugu da Yenagoa da Yola da Fatakwal da Bagauda ta jihar Kano, wato ɗan Kano na iya zama lauya ba tare da ya ƙetare Kogin Kwara ba, balle teku. Ana shekara guda ana koyon shigar da ƙara da kare wanda ake tuhuma da rubuta takardun kamfani da na filaye da ladubban sana'a, ana kuma tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi su ga aiki da idonsu. An daina neman Latin, dokar Rumawa ta zama tarihi. Amma kafin a ɗora wa ɗalibi hular gashi, ko a Bwari yake ko a Bagauda, sai ya sa baƙaƙen kaya ya zauna cin abincin dare sau uku tare da dattawan sana'ar, kamar yadda Sapara Williams ya zauna a Inner Temple.