The Genius of Photography

The Genius of Photography shirin talabijin ne mai kashi 6 kan tarihin ɗaukar hoto, wanda tashar BBC Four ta Birtaniya ta nuna a shekarar 2007. Ya faro daga zamanin Louis Daguerre, wanda aka bayyana dabararsa a Faransa a 1839, har zuwa kyamarar dijital.

Shirin ya nuna yadda hoto, da aka daɗe ana yi wa kallon aikin na'ura kawai, ya samu daraja irin ta zanen hannu. Shekara guda kafin fitowarsa, an yi gwanjon wani hoton Edward Steichen kan dala miliyan 2.9. Gerry Badger ya rubuta littafin shirin.