Rufin da Miniyapolis Ta Gina Sau Biyu

Da asubahin Lahadi, 12 ga Disamba 2010, rufin filin wasa na Metrodome da ke birnin Miniyapolis a jihar Minesota ta Amurka ya yage. Dusar ƙanƙara mai kaurin kusan santimita 43 ce ta sauka a garin, ga iska mai ƙarfin da ta sa dole aka sauko da ma'aikatan da suka saba hawa sama da tiyo na ruwan zafi suna narkar da ita. Kyamarar da gidan talabijin na Fox ya bari a kunne cikin filin ta ɗauki abin da ya faru. Rufin ya yi ta lotsawa kamar rumfar tamfol da ruwan sama ya taru a kanta, can sai ya fashe, dusar ta kwararo tsakiyar fili kamar an kwance bakin buhun gari. Allah ya kiyaye babu 'yan kallo a lokacin. Wasan da ƙungiyar garin, Vikings, za ta yi da Giants ta New York a ranar, Detroit aka kai shi, aka buga washegari da dare. Har yau wannan hoton ne masu adawa da rufe filin wasa ke fara nunawa in gardama ta tashi. Sai dai wakilan mutanen da abin ya faru a garinsu, ba su cika shekara biyu ba suka zauna suka sake zaɓar rufi, wanda ya ninka na farko tsada sau fiye da goma. Ina ganin sun yi daidai, kuma tarihin filayensu ya isa hujja.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, ana kokawa kafin a ƙwace. Kakarta na farawa a Satumba, ta ratsa Disamba, wasannin fitar da gwani su faɗo a Janairu, kuma al'adar wasan ita ce ruwa ko ƙanƙara ba sa hana shi. A Minesota kuwa ba labari ba ne ma'auni ya sauka digiri 20 ƙasa da sifiri a Janairu, sanyin da ya wuce na firizar da ake daskarar da nama. A cikin wannan yanayi Vikings ta yi shekara 21, daga 1961 zuwa 1981, tana wasa a buɗaɗɗen fili mai suna Metropolitan da ke Bloomington, bayan gari. Kocinta Bud Grant, wanda ya karɓi aiki a 1967, ya hana a ajiye na'urar ɗumama jiki a gefen da 'yan wasansa ke zama. Dabararsa ita ce baƙi su riƙa ƙudundune a bakin wuta suna hango masu gida tsaye ko a jikinsu, gwiwarsu ta yi sanyi tun kafin a busa usur. A wannan zamanin ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl sau huɗu, tsakanin 1970 da 1977. Tun da ta koma ƙarƙashin rufi a 1982 ba ta sake zuwa ba.

Wannan ita ce babbar hujjar masu son buɗaɗɗen fili, kuma ba ta rainawa ba ce: sanyi makami ne na mai gida, ƙungiyar da ta rufe filinta ta jefar da makaminta da hannunta. Amma in aka bi tarihin daki-daki sai a ga an ba sanyi yabon da na mutane ne. Vikings ta wancan lokaci tana da Alan Page, mai tsaron baya na farko da ya zama gwarzon ɗan wasan gasar a 1971, tana da Carl Eller da Jim Marshall da Fran Tarkenton. Irin waɗannan ko a ina aka ajiye su za su ci wasa. Sanyin kuma bai san ɗan gida ba. A Disamba 1975 ƙungiyar Cowboys daga Dallas, garin zafi, ta zo har Metropolitan ta fitar da Vikings da ci 17 da 14. Shekara arba'in bayan haka tarihi ya ba da damar gwaji, domin a 2014 da 2015, lokacin da ake ginin sabon fili, Vikings ta ari buɗaɗɗen filin Jami'ar Minesota. Ranar 10 ga Janairu 2016 ta karɓi baƙuncin Seattle a digiri 21 ƙasa da sifiri. Bud Grant, yana da shekara 88, ya fito tsakiyar fili da riga mai gajeren hannu don jefa kwabon zaɓen gefe, fili ya ruɗe da sowa. Aka tashi 10 da 9, masu gida aka cinye, bayan Blair Walsh ya ɓarar da bugun yadi 27 ana dab da tashi. A ɗaya gefen kuma, kakar da ƙungiyar ta ci wasa 15 cikin 16, wato ta 1998, a ƙarƙashin rufi ta yi ta.

Akwai kuma abin da masu kewar wancan zamani ba su cika faɗa ba. Fitowar Grant ta 'yan mintuna ce. Ɗan wasa yana gudu, jininsa na zagayawa, yana da ɗakin da zai shiga a hutun rabin lokaci. Wanda sanyin ke ci shi ne ɗan kallo, da zai zauna wuri ɗaya sama da sa'a uku, ƙafarsa a kan daskararren siminti. Mutanen arewacin Amurka sukan zo da kwali ko guntun soso su shimfiɗa ƙarƙashin takalmi don kada simintin ya zuƙe musu ɗumin jiki. A Janairu 2024 aka buga wasa a Kansas City a digiri 20 ƙasa da sifiri, motocin asibiti suka yi ta kwasar 'yan kallo, kuma daga baya wani asibitin garin ya bayyana cewa cikin waɗanda aka yanke wa yatsu saboda sanyin wannan watan har da mutanen da suka je kallon. Irin wannan fili, tsoho da mai ciwon zuciya da uwa mai goyo an sallame su ke nan daga Nuwamba har ƙarshen kaka. Dusar ƙanƙara na da kyau ƙwarai a talabijin, amma mafi yawan masu yabon wannan kyau daga falo mai ɗumi suke kallo, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ke masa yoyo.

Abin da ya faru a 2010 laifin irin rufin ne. An gina Metrodome da tsumulmula, kuɗinsa bai kai dala miliyan 70 ba, aka buɗe shi a Afrilu 1982 da sunan Hubert Humphrey, tsohon magajin garin kuma tsohon mataimakin shugaban ƙasa. Rufinsa ƙyalle ne na zaren gilashi da aka shafe da Teflon, faɗinsa kusan eka goma, babu ginshiƙi ko ɗaya da ke riƙe da shi. Manyan fankoki ne ke hura iska ba dare ba rana, iskar ta ɗaga shi kamar balan-balan. Shi ya sa ƙofofinsa masu juyawa ne don kada iskar ta tsere, in kuma an tashi wasa aka buɗe ƙofofin gefe, sai iska ta ingizo mutum waje har hularsa ta riga shi fita. Rufin ya lotse a Nuwamba 1981, tun ba a buɗe filin ba, ya sake a Disamba 1982, ya kuma a Afrilu 1983. Araha ba ta ado. Shimfiɗaɗɗen ƙyalle a garin da dusa ke sauka da nauyi, ranar yagewarsa kawai ake jira. Waɗanda suka zana magajinsa, U.S. Bank Stadium, wanda aka buɗe a 2016 a daidai wurin da aka rushe Metrodome, sun ɗauki darasin. Sun yi rufi kafaffe a kan ƙarfe, mai gangara sosai, yadda dusa za ta zame ta faɗa wani babban kwatami mai ɗumi da ke narkar da ita. Kusan kashi 60 cikin ɗari na rufin wata roba ce garai-garai da hasken rana ke ratsawa, ga ƙofofin gilashi biyar masu tsawon bene da ake buɗewa in gari ya yi daɗi. Duhu da ƙuncin da aka tsani Metrodome saboda su sun kau ba tare da an koma waje ba.

Zancen kuɗi ne ainihin gardamar. Sabon filin ya ci sama da dala biliyan ɗaya, kuma dala miliyan 498 daga aljihun jama'a suka fito: miliyan 348 daga jiha, wadda ta dogara da harajin wata caca ta na'ura, miliyan 150 daga birni. Ƙungiyar ƙwallon Amurka ba ta wuce wasa goma a gida a shekara, sai in ta kai zagayen fitar da gwani. Idan fili buɗaɗɗe ne a gari irin wannan, daga Janairu zuwa Afrilu kufai ne, dusa ce kawai ke zaune a kujerunsa. Duk muninsa, Metrodome bai taɓa zama kufai ba. Da hunturu mutanen gari kan biya ɗan kuɗi kaɗan su shiga su yi gudu ko tseren takalmi mai taya a barandunsa. Makarantun sakandare da kwalejoji sun buga ɗaruruwan wasannin besbol a ciki, wasu da tsakar dare don layi ya yi tsawo, a watannin da filayensu ke binne. A nan aka riƙa yin wasan ƙarshe na ƙwallon sakandaren jihar, sabon filin kuma ya gaji wannan. A Agusta 2018 dubban Musulmin Minesota, yawancinsu 'yan asalin Somaliya, a cikin sabon filin suka yi sallar Idin Layya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ƙungiyar da ta karɓi kusan rabin kuɗin gininta daga jama'a, wajibi ne ta ba su ginin da za su iya shiga a sauran kwanakin shekara.

Ba na cewa rufi na mayar da kuɗin da aka kashe. 'Yan siyasa kan yi talla da Super Bowl, tun da hukumar gasar ba ta cika kai wasan garin sanyi ba sai mai rufi, amma Miniyapolis sau biyu kacal ta gan shi, a 1992 da 2018, kuma masana tattalin arziki da suka daɗe suna bin wannan harka kusan bakinsu ɗaya cewa tallafin gina filaye ba ya dawo wa gari da abin da ya zuba. Yadda aka fitar da kason birnin ma akwai abin takaici a ciki, don ba a kai maganar gaban masu zaɓe ba, majalisar birni ce ta amince da ƙuri'a 7 da 6. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga wanda ya ce kada a taɓa kuɗin jama'a sam. Amma da zarar an yanke za a taɓa, ta daina zama hujjar buɗaɗɗen fili. Haka ma kukan 'yan wasa cewa ciyawar roba na cin gwiwa da idon sawu gaskiya ne, ƙungiyar ƙwadagonsu ta daɗe tana neman a koma ciyawa ta gaske, sai dai buɗaɗɗun filayen garuruwan sanyi da dama, har da na New York da na Jami'ar Minesota, su ma robar suka shimfiɗa.

Sai Green Bay, wadda ba a gama wannan gardama ba a ambace ta. Filin Lambeau a buɗe yake tun 1957, a nan aka buga shahararren wasan 31 ga Disamba 1967 a digiri 25 ƙasa da sifiri, kuma har gobe babu kujerar da ke kwana ba mai ita. Amma Green Bay gari ne da mutanensa suka ɗan haura dubu ɗari, ƙungiyarsa Packers mallakar dubban ɗaruruwan magoya baya ce, babu attajirin da zai yi barazanar ɗauke ta zuwa wani gari. Da aka tashi gyaran filin a 2000, an tambayi mutanen yankin ta ƙuri'a, suka yarda a ƙara musu harajin saye. Sanyin nan su suka zaɓa wa kansu, kuma ya zama gadon da suka tashi a ciki. Birnin da zai gina sabon fili yau ba zai sayo wannan gadon da kuɗi ba, sanyin kaɗai zai samu.

In aka dubi Miniyapolis da maƙwabciyarta St. Paul yanzu, za a ga lokacin wasa ne ya raba gardamar, fili bayan fili. Ƙungiyar besbol ta Twins, da ke wasa daga bazara zuwa kaka, ta bar Metrodome ta koma buɗaɗɗen Target Field a 2010, kuma ta yi daidai. Ƙungiyar jami'a, da ke gama wasanninta na gida a Nuwamba, ta riga ta fita tun 2009. Filin ƙwallon ƙafa na Allianz da aka buɗe a 2019, kujerunsa kawai aka yi wa rumfa, don gasarsa tana hutu a tsakiyar hunturu. Cikin waɗannan, Vikings kaɗai ke da wasa a Disamba da Janairu, ita kaɗai aka rufe wa fili. An taɓa saɓa wannan tsari ranar 2 ga Fabrairu 2022, lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta kai wasan neman gurbin Kofin Duniya da Honduras filin Allianz da gangan, da dare, a kusan digiri 15 ƙasa da sifiri. Amurka ta ci 3 da nema. 'Yan wasan Honduras biyu, ciki har da mai tsaron gida, ba su dawo fili bayan hutun rabin lokaci ba, suna ɗaki ana yi musu maganin sanyin da ya shige su.